Rigar Mamaci a Kan Dakali

Gidan guda ɗaya ne. Tsohuwar gwamnati ce ta gina shi, ta tsaga shi biyu da bango, kowane ɓari da ƙofarsa da matakalarsa ta siminti. Wa da ƙane suka zauna a ciki, Beishen a hagu, Dooron a dama, matansu kuma tun suna amare har suka yi furfura gaisuwarsu ba ta wuce fatar baki ba.

Da Beishen ya rasu a farkon sanyin bara, sai hagu ya zama na matarsa Uulkan ita kaɗai. 'Yarta tana aure a Bishkek, ɗanta yana Rasha yana sauke wa mutane kaya daga mota. Ta sa baƙaƙen tufafi, ta zauna jiran shekara ta zagayo a yi sadakar mijinta, a yanka doki, a cire mata baƙin.

Matakalarta kuwa ta riga mai gidan mutuwa. Kowa ya san abin da sanyin garinsu At-Bashi yake yi wa siminti. Da rana ruwa ya sami 'yar tsaga ya shige, da dare ya daskare ya kumbura ya buɗa ta, gobe ya ƙara. Sannan Beishen mai ciwon gwiwa ne, saboda haka duk safiyar Allah Uulkan takan ɗebo gishirin tumaki ta watsa don ƙanƙara ta narke kafin ya fito. Gishirin ya cinye ƙanƙarar, da bai ƙoshi ba ya haɗa da simintin. Fuskar dakalin ta ɓare kamar ɓawon burodi, tsakuwa ta fito tsirara, bakin kowace matakala ya gutsure, rodi ya leƙo da jar tsatsa. Ta Dooron kuwa sumul, ko ƙwarzane babu. Shi aikinsa ke nan tun yana saurayi, zuba kankare a gadoji da wuraren wankan tumaki, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Bayan an gama shigo da ciyawa, Mamit ya zo maganar sadaka. Mamit shi ne babban dattijon zuriyar, kowa ata yake ce masa, wato baba, ko tunkiya ba a kayarwa sai an ji ta bakinsa. Ya ɗora ƙafa a matakalar Uulkan, gefen ya ɓalle, sandarsa ta yi gabas shi ya yi yamma. Dooron ne ya tare shi, kuma ya tare shi da wuri ƙwarai, kamar wanda ya san inda za a faɗi.

Mamit ya ce, "Uulkan, wannan matakala ce ko tarkon kerkeci?"

"Ta ɗauki ɗanku har ya koma ga Allah, ata. Ba ta taɓa kayar da shi ba."

"Shi ya haddace ramukan," in ji Dooron. "Jenge, na sha gaya miki, toka ake zubawa ko yashi. Kika ce ni yaro ne."

Jenge shi ne abin da ƙane yake kiran matar wansa. Ita kuma ba ta kama sunan ƙanen miji, Auta take ce masa, ko da yake gemunsa ya yi fari tas.

"Har yanzu ban canza magana ba, Auta."

Mamit ya zauna a kan kututture yana murza gwiwa. Ya ce tsofaffi za su zo daga Narin, daga ƙauyukan bayan kogi, wasu sai an rirriƙe su. Shi ba zai tara mutane su yi wa mamaci addu'a su koma gida da karyayyen ƙugu ba. In ranar ta zo matakalar nan tana yadda take, to ta ƙofar Dooron za a shiga.

Bai ƙara ko kalma ba, ba a kuma buƙatar ƙari. Ƙofar da aka shiga, nan ake karatu, nan ake rabon nama, nan ake miƙa wa dattawa kan tunkiya. Uulkan za ta zauna a ɗakin Satkin matar Dooron kamar baƙuwar da ta zo daga nesa, a miƙo mata shayi a sadakar mijinta, a cire mata baƙi a ƙarƙashin rufin wata. Mutane su watse suna cewa hayaƙin gidan Beishen ya ɗauke, zuriya ta koma dama.

Washegari da sassafe Satkin ta fara zagaye unguwa da baro. Haka ake yi in taro ya matso, a bi gida gida a ari dardumomin gashin tumaki, irin masu kaurin nan da mata suke dannawa da hannu, da barguna da katifun zama. Ta kwashe na kowa. Daga ƙarshe ta tsaya a ƙofar hagu, ba ta ko hau ba.

"Yaya, fito min da naki in kai can in kakkaɓe. Ke kina takaba, ƙura ba taki ba ce."

"Amarya, da saura lokaci."

"Lokacin ne ba na so ya ƙure mana."

Macen da ta hana darduma a sadakar mijinta, zancenta sai ya kai Narin kafin azahar. Uulkan ta fito da su duka, har da wadda uwarta ta yi mata, ta tsaya tana kallo baro ya yi kwana ya shige dama.

A ranar ta aika gida gida, tana gayya. Za ta yanka rago, maza su zo su gyara mata matakala. Gayya ba a biyan kowa, ba a kuma ƙin zuwa. Wanda ya ƙi, ranar da rufinsa ya faɗo shi kaɗai zai ɗaga. Ƙanen mamaci kuwa in ya ƙi gayyar matar wansa, ko a masallaci sai an matsa masa gefe.

Dooron ya leƙo ta kan shinge.

"Siminti yanzu, Jenge? Ruwa a bokiti ya fara kwana da fatar ƙanƙara a kai."

"In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, Auta. An ce akwai wani yaro a bakin kasuwa, ya iya."

"Wanda ya yi wa likitan dabbobi dakali? Kaza ta taka ya fashe."

"To ka zo ka nuna masa."

Ya zo. Ranar gayya rana ta fito fes, sama babu ko gajimare, irin ranar da tsofaffi ba sa so a ƙarshen kaka, don sun san daren da yake biyo ta. Maza suka taru da shebur da guduma. Tinimbai maƙwabci ya kawo yashi da tsakuwa a tsohuwar motarsa, ya kuma kawo bakinsa, wanda ya fi motar ƙara.

Dooron ya ɗauki guduma ya bi simintin yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a karkace. Inda ya yi ƙara kamar tulun da ba komai, ya ce a fasa. Aka fasa. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya ce a ƙara. Tinimbai ya ce ai nan da ƙarfinsa.

"Da ƙarfinsa kamar haƙoranka," in ji Dooron. "Fasa."

Sai da suka kai ga tsohon kankare mai kukan ƙarfe. Sannan ya ce rodi. Kowane sai an goge shi da buroshin waya har ya yi haske, wanda tsatsa ta cinye a yanke a ɗaura sabo. Sannan shara. Aka share, ya shafa da tafin hannu, ya duba, ya ce ƙura, sabon siminti ba ya kama ƙura. Aka wanke da ruwa. Ya ce a jira ruwan ya tsane, kada ya kwanta, kada kuma ya bushe. Suna jira ya ce shayi.

Uulkan ta kawo shayi da madara da soyayyen burodi. Ta dubi inuwar rumbun ciyawa, ta ga ta fara miƙe ƙafa.

"Auta, gada kake ginawa?"

"Ƙofar wana nake gyarawa. Ko in shafa miki a kai kamar man shanu, bazara ta ɓare?"

Abin haushin shi ne, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ta san shi, ta san aikin. Ba ta da inda za ta kama shi. Mutum ne yake yi mata mugunta da aiki mai kyau, a gaban shaidu, kowa yana yaba masa.

Katakon da za a kafa a zuba a ciki, sau nawa ya sa aka cire. Wai dole dakali ya ɗan sunkuya waje, ruwa ya gangara, kada ya tsaya ya daskare a bakin ƙofa. Ya zuba ruwa a kan katako yana kallon inda ya nufa, ya girgiza kai, a sake. Tinimbai ya ce, "Dooron, ko amarya ba a yi wa wannan kwalliyar." Dooron ya ce shi ya sa taka ta fito haka. Maza suka yi dariya, suka sake zama shan shayi.

Da aka zo kwaɓi ya ce ruwan rijiya ya yi sanyi, sai an ɗumama. Uulkan ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta yi ta jido ruwa har bayanta ya ƙage. Suka dama siminti tsululu kamar kunu suka shafe tsohon da tsintsiya, tun bai bushe ba suka bi shi da kankare, suna soka sanda don iska ta fita. Dooron ya durƙusa da cokalin gini yana lailaya, ya bi da tsintsiya a hankali don fuskar ta yi kaushi kada ta yi santsi. Ya miƙe, ya riƙe ƙugu. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai ce komai ba. Rana kuwa tana zaune a kan dutse, saura ta zame.

Aka shiga da mazan ta ƙofar baya ta wajen tumaki, suka ci nama da taliya, suka yi addu'a. Dooron yana sakace haƙori ya ce, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu, "Af, Jenge. Ki rufe shi fa. Ɗanyen siminti ruwa ne a cikinsa. In sanyin yau ya shige shi, gobe da yatsa za ki tone shi. Shi da kansa yana fitar da ɗumi, abin da yake so a riƙe masa ɗumin. Darduma mai kauri, a bar ta kwanaki."

Maza suka ce haka ne, haka ne, darduma. Kowa ya tashi ya tafi shigar da dabbobinsa. Babu wanda ya tuna inda dardumomin unguwa suke, ko kuma kowa ya tuna.

Uulkan ta zagaya dama. Satkin tana tsaye a kan dakalinta mai kyau, hannu a cikin hannun riga.

"Amarya, ba ni dardumomina."

"Waɗanne daga ciki, Yaya? Duk na haɗe su, na jera har rufi."

"Na san nawa ko a duhu."

"Me za ki yi da su da magaribar nan?"

"Kin sani."

"A'a, wallahi. Abin da dattawa za su zauna a kai su karanta wa yaya Beishen Alƙur'ani, shi zan bayar a shimfiɗa a waje a kan taɓo, karnuka su kwana a kai? Gobe a ce Satkin ta zaunar da Mamit-ata a kan siminti."

"Guda biyu. Tsofaffin."

"Babu tsohuwa a ciki. Ai ke ba kya ajiye tsohon abu, sai matakala."

Dooron yana ciki, ana jin rediyonsa. Uulkan ta ɗaga murya kaɗan.

"Auta, aikinka ne zai mutu."

"Ni na gama nawa, Jenge," muryar ta fito ta taga. "Kowa ya gani. Rufi aikin mai gida ne."

Ta tsaya har ta ji sanyi ya fara cizon kunnenta. Ba ta roƙa ba. Ta juya.

Buhunan simintin da aka zazzage ta fara shimfiɗawa a matakalan ƙasa, ta jibga ciyawa a kai, ta ciro bargonta na kwana ta lulluɓe, ta danne da duwatsu. Wannan ya yi. Saura dakalin sama, mai faɗin, wanda yake fuskantar iskar da take gangarowa daga dutse. Ta zuba ciyawa, iska ta kwashe ta kai wa tumakin Tinimbai. Ta sake zubawa, ta danne da katako, iska ta zare ta ta ƙarƙashi. Ta taɓa gefen simintin da bayan yatsa. Ya fara sanyi. Ruwan da ya zube a ƙasa wajen kwaɓi har ya yi fari.

Ta shiga ɗaki ta duba. Labule, tawul, tabarmar roba, tsummoki. Babu abin da zai tare sanyin kaka ko na sa'a guda. Sai bangon gabas.

A bangon gabas rigar Beishen take rataye, da hularsa da bulalarsa. Rigar fatar tunkiya ce, gashin a ciki, doguwa har ƙasa, faɗinta ya isa mutum ya naɗe da ɗan rago a ciki. Da ita yake kwana a kan dutse lokacin da yake kiwo. Kayan mamaci haka suke zama a rataye har shekara, matarsa ta zauna a ƙarƙashinsu ta yi kukanta in masu gaisuwa sun zo. Ba a sawa, ba a saukewa. Ranar sadaka ake sauke su a raba wa waɗanda suka yi masa wanka, mafi kyau a ba wanda ya riƙe kai. Dooron ne ya riƙe kan. Tun ranar jana'iza in ya shigo gaisuwa idonsa yana kan rigar nan, har ya taɓa shafa hannun rigar da ya ɗauka Uulkan ba ta gani.

Uulkan ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Kai dai ba ka taɓa son zaman ɗaki ba." Ta hau kujera ta sauke ta.

Nauyinta kamar na mutum. Warin hayaƙi da taba da doki yana nan. Ta zagaya da ita ta baya, ta buɗe ta a kan dakalin, gashin a ƙasa, ta miƙe hannayen, ta cusa gefe da gefe, ta bi da duwatsu. Ta rufe shi ruf, kamar an auna. Ta koma ciki ta kwanta da kayan jikinta kusa da murhu, bango ya yi mata faɗi.

Gari ya waye fari fat da raɓar ƙanƙara. Satkin ce ta fara fitowa da bokitin tatsa. Ta ajiye bokitin, ta koma ciki da sauri. Sai ga Dooron ko hula babu. Ya tsallake shinge, abin da bai yi ba tun yana da gashi baƙi. Uulkan tana zaune a kan kututture da kofin shayi, ta riga su fitowa.

"Jenge, mene ne wannan?"

"Rufi. Ka ce aikin mai gida ne. Ga mai gidan nan yana yi."

"Kin sauke kayan mamaci kafin shekara."

"Na sauke."

"Kin shimfiɗa wana a bakin ƙofa kamar abin goge ƙafa," ya ce. "Rigar nan tawa ce."

"Ranar sadaka taka ce. Yau tasa ce."

Satkin daga bayan shinge ta ce, "Ko kare ba a yi wa haka. Mace ta kwana da mutum shekara da shekaru, ta fitar da shi waje ya kwana a sanyi."

"Na je neman abin da zan rufa masa asiri, Amarya. An ce min an jera har rufi."

Hayaniyar ta fito da Tinimbai, da matarsa, da wasu. Suka tsaya a bakin hanya, kowa yana yi kamar akwai abin da ya kawo shi.

Dooron ya sunkuya ya kawar da dutse guda, ya kama gefen rigar.

"Ɗaga," in ji Uulkan. "Ɗaga mana. In ya fashe, ni ba ni na zuba ba. Tinimbai, wa ya zuba?"

"Ni yashi na kawo," in ji Tinimbai.

"Sai a riƙa cewa ga matakalar Dooron can, wadda ko sanyi ɗaya ba ta gani ba. A haɗa ka da yaron bakin kasuwa, ku yi ta yi wa kaji dakali."

Dooron bai saki ba, bai kuma ja ba. A hankali ya zura ɗaya hannun ƙarƙashin rigar. Duk wanda yake wurin ya ga fuskarsa. Simintin yana da ɗumi kamar cikin tunkiya. Ya danna da babban yatsa, bai lotsa ba. Ya kama. Ya kama yadda ake so, irin kamun da mai aikin yake gani sau ɗaya a shekaru. Ya ji kuma yadda gashin rigar ya manne da shi.

Ya daɗe a durƙushe, wuyansa ya yi ja. Satkin ta ce, "Me kake jira? Ɗauko." Bai ko waiwaye ta ba. Ya zare hannu, ya mayar da gefen, ya cusa shi da kyau fiye da yadda ya same shi, ya mayar da dutsen. Ya duba kusurwar da iska take bugawa, ya ɗauko wani dutsen ya ƙara.

"Kada wanda ya taɓa ta sai na ce," ya faɗa wa ƙasa. Sannan ya miƙe ya dubi Uulkan. "Allah ya isa tsakanina da ke, Jenge."

"Amin, Auta. Tsakaninmu duka."

Rigar ta yi kwanaki a wurin. Duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya. Matan unguwa suka rabu biyu, amma ba rabon daidai ba. Kaɗan suka ce me za ta yi, an ƙure ta. Mafi yawa suka ce ko me aka yi mata, akwai abin da ba a taɓawa. Matar Tinimbai da take kawo mata madara kullum ta fara aiko da ita a bar mata a kan shinge. Uulkan ta ci gaba da shiga da fita ta wajen tumaki, tana kwana ba bargo, tari ya kama ta.

Ranar da Dooron ya zo buɗewa, sai da ya sa wuƙa. Rigar ta taso da ƙara kamar ana yage fata. Gashin baya ya zauna a cikin simintin, fari da baƙi, sai da aka bi shi da wuta aka babbake. Abin da ya rage a jikin rigar ya ƙage da siminti ya zama tsakuwa tsakuwa, bayan ya yi sanƙo, fatar ta bushe ta yi tauri, raɓa ta zana mata taswira. Dakalin kuwa da ya ƙwanƙwasa masa guduma, sai ya amsa da kukan ƙarfe. Uulkan ta karɓi rigar ta mayar bangon gabas.

Mamit ya zo dubawa ana saura kaɗan a yi sadaka. An riga an kai masa labari, har da ƙari. Ya hau, ya sauka, ya buga sanda, ya sake hawa. Ya tsaya a kan dakalin yana kallon ƙofar, bai dubi matar ba.

"Na ce in matakala ta gyaru nan za a shiga. Ta gyaru." Ya juya ga Satkin. "A dawo da dardumomi." Sannan, yana sauka, ya ce, "Da Beishen zai yi magana, ban san wa zai fara zagi ba."

Ranar sadaka dusar ƙanƙara ta sauka. Aka yanka doki, ɗanta ya iso daga Rasha da jaka ɗaya, 'yarta ta zo da mijinta. Tsofaffin Narin da na bayan kogi suka hau matakalar hagu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zame. A ɗakin Uulkan aka yi karatu, a nan aka miƙa wa Mamit kan tunkiya, Satkin ce take zuba shayi a bakin ƙofa, inda ƙaramar suruka take zama. Tsofaffin mata suka cire wa Uulkan baƙi suka ɗaura mata fari. Hannunsu ba laushi, kuma babu wadda ta rungume ta.

Aka zo rabon kaya. Uulkan ta sauke rigar, ta ɗauko ta a kan hannu biyu yadda ake yi, ta tsaya gaban Dooron. Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙananan tsakuwa suna zubowa a kan darduma. Kayan mamaci ba a mayarwa. Dooron ya miƙe, ya juya baya, ta ɗora masa a kafaɗa. Rigar ta tsaya a jikinsa kamar ƙofa.

"Allah ya sa ka kai shekarunsa, Auta."

"Zan sa ta, Jenge," ya ce a hankali. "Kada ki damu. Zan sa ta."

Ta ɗauka magana ce. Ashe alkawari ne. Duk tsawon sanyin nan Dooron bai fita da wata riga ba. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa kasuwar dabbobi, da ita ya je bikin 'yar Tinimbai, tana ƙara a jikinsa kamar busasshen ƙirgi, iska tana shiga ta sanƙon baya har ya kwanta da ciwon ƙirji, ya tashi ya sake sawa. Duk baƙon da ya tambaya me ya sami rigar, sai ya tsaya ya gaya masa tun daga farko, a tsanake, ban da zancen darduma.

Hanyar masallaci ta dama take, amma shi sai ya zagayo ta hagu. Kullum da safe Uulkan tana share dakalinta, sai ta ga rigar mijinta ta wuce a hankali, kafaɗun nan, tsawon nan, ta ba ta baya. Ba ya gaishe ta, ba ta gaishe shi. Takan tsaya da tsintsiya a hannu har ya sha kwana, sannan ta ƙarasa sharar, ta shiga ta ƙofarta ta rufe.